Tabkin unguwa yana da mai shi: me dokar ruwa ta 2010 ta ce?

Damagaram ba ta da teku, amma ciwon da ke lalata ruwan bakin teku a manyan birane, irin gaɓar Hann ta Dakar, shi ne ke cin tabkunanmu. Ruwan masai, kashin dabbobi, ruwan wanki da takin zamani duk suna ɗauke da sinadarai biyu, naitirojin da fosforas. A gona albarka ne. A ruwa kwance kuwa gansakuka suke ciyarwa har ruwan ya koma kore. In ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita, wari ya tashi, kifi ya mutu.

Nijar tana da doka a kan haka, wato dokar ruwa mai lamba 2010-09 ta ranar 1 ga Afrilu 2010. Abu na farko da ta kafa shi ne ruwa dukiyar al'umma ce, kuma kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samunsa. Tabki da ruwan ƙarƙashin ƙasa duk suna ciki. Don haka mai cewa "ai tabki ba na kowa ba ne" ya yi kuskure, na jama'a ne, hukuma ke riƙe da amanarsa.

Na biyu, wanda ya ɓata shi zai biya. Mai majema, mai gidan wankin mota, mai tankar kwashe masai, duk wanda sana'arsa ke fitar da ƙazamin ruwa, nauyin ɓarnar a wuyansa yake. Aikin da zai iya gurɓata ruwa sai an sanar da hukuma ko an nemi izini, gwargwadon haɗarinsa, kuma akwai hukunci ga wanda ya saɓa. A ganina nan ne dokar ta fi yin adalci, domin in ba haka ba, talakan da gidansa ke bakin tabki shi ke biya da lafiyar 'ya'yansa.

Sai batun shinge. Dokar ta tanadi a keɓe fili kewaye da wuraren da ake ɗibar ruwan sha, a hana ayyukan ƙazanta a ciki. Ga Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo, Macaya da Arunguza, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Masu rijiya a gida su ma su kula. Masai in ya yi kusa da rijiya, sinadarin naitiret yana bin ƙasa ya shiga ruwan, ba launi ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da shi, sai dai a kai ruwan a auna.