Zuƙo naitirojin daga iska: daga saiwar wake zuwa kwamfutar kwantam

Zuƙo naitirojin daga iska aiki ne da wasu ƙwayoyin bakteriya ke yi, inda suke mayar da iskar naitirojin ta koma amoniya, wato sigar da tsiro zai iya sha ya gina jikinsa da ita. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da duniya naitirojin ce, amma babu tsiro ko dabbar da ke iya cin moriyarta kai tsaye, domin ƙwayoyin zarra biyu da suka haɗu suka yi ta suna ɗaure da juna da ɗauri uku mai wuyar kwancewa. Shi ya sa za a ga masara ta yi rawaya ta tsumbure don yunwar naitirojin, alhali iskar da ke kaɗa ganyenta cike take da shi. Mafi yawan wannan aiki a gona yana gudana ne a saiwar dangin wake: wake da gyaɗa da waken suya da gurjiya, har da itatuwa irin su gawo da bagaruwa.

Tarihi

Manoma sun daɗe da sanin cewa hatsi ya fi kyau a gonar da aka cire wake ko gyaɗa, tun ba a san dalili ba. A 1886 ne masana biyu na Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa sirrin yana cikin 'yan ƙullutun da ke manne a saiwar waɗannan tsirrai. Bayan shekara biyu, a 1888, Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke ciki ya rene ta a ɗakin gwaji. Ita ce ake kira raizobiya.

Ɗan Adam ya samo tasa hanyar a 1909, lokacin da Fritz Haber ya haɗa naitirojin da haidirojin ya sami amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. Da wannan hanya ake yin yuriya da sauran takin zamani mai naitirojin har gobe, kuma an ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya rataya a kanta. Sai dai tana da tsada. Tana buƙatar zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iska sau 150 ko fiye, kuma tana lashe kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na makamashin da duniya ke ƙonawa, galibi iskar gas. Bakteriya kuwa tana yin aikin a cikin ƙasa mai laima, a zafin da kowace shuka ke rayuwa.

Yadda ƙullutun ke samuwa

Tsiron ne ke fara kira. Idan ya ji ƙarancin naitirojin, saiwarsa takan fitar da wasu sinadarai da ake kira filabonoid. Bakteriyar da ta dace da shi takan amsa da nata sinadarin, wanda masana a Tulus ta Faransa suka bayyana sigarsa a 1990. Da amsar ta iso, sai siririn gashin saiwa ya lanƙwashe ya naɗe bakteriyar, ya buɗe mata wani ɗan bututu ta bi ta shige ciki, ƙwayoyin saiwar kuma su yi ta rabuwa har su gina mata ɗaki. Ciniki ne: tsiro ya ba da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, bakteriya ta biya da amoniya.

Mai aikin na ainihi wani enzaim ne, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, mai suna naitirojines. Yana da cin makamashi ƙwarai, don kuwa kafin ya fasa ƙwayar naitirojin ɗaya ya fitar da amoniya biyu sai ya kashe ilektaron 8 da ƙwayoyin makamashi 16 da ake kira ATP. Kuma oksijin na lalata shi, ga shi bakteriyar ba ta iya aiki sai da numfashi. Tsiron yana warware wannan da wani furotin ja, ɗan'uwan wanda ke cikin jinin mutum, mai kama oksijin yana miƙa wa bakteriyar kaɗan-kaɗan.

Wannan jan launi ne ma'aunin da kowa zai iya dubawa ba tare da na'ura ba. A tuge gyaɗa ko wake lokacin da ya fara fure, a wanke saiwar, a fasa ƙullutu ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki. Idan fari ne, ko dai bai fara ba ko kuwa bakteriyar ragguwa ce. Idan ya koma kore, ya tsufa ya daina. Ƙullutun kirki yana manne ne a gefen saiwa, ana iya murje shi ya fita, saɓanin kumburin da tsutsar saiwa ke haddasawa, wanda jikin saiwar ne kanta ya kumbura.

Fari, zafi da yunwar ƙasa

Nan ne binciken 'yan shekarun nan ya fi zafi, domin tsiro ba ya riƙe wannan ciniki idan ya shiga matsi. A waken suya an nuna cewa da ƙasa ta fara bushewa, zuƙo naitirojin ne ke fara raguwa, tun ganye bai rage haɗa abinci ba, tun manomi bai ga alamar yaushi ba. Dalilan da aka gano sun haɗu ne: sukarin da ke isa ga bakteriya yana raguwa, ƙofar da oksijin ke shiga ƙullutun tana tsukewa, sannan kayan da aka riga aka sarrafa suna taruwa don babu isasshen ruwan da zai hau da su sama, tsiron kuma ya ɗauki taruwar a matsayin alamar a dakata. Zafin rairayi a saman ƙasa shi ma yana kashe raizobiya kafin ta kai ga saiwa.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, yawan taki ma yana kashe aikin. Idan tsiro ya tarar da naitirojin a ƙasa, ba ya ɓata sukarinsa a kan bakteriya. Sai ya daina gina sababbin ƙullutu ya bar tsofaffin su mutu. A 2024 masana a Jami'ar Aarhus ta Danmak suka wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin zinki na cikin masu kai wannan saƙo. Sun gano wani furotin da suka raɗa wa suna FUN, wanda zinki ke riƙe da shi a ɗaure. Da naitiret, wato sigar naitirojin da ke cikin ƙasa da taki, ya yawaita sai zinkin da ke cikin ƙullutu ya ragu, furotin ɗin ya kwance ya rufe aikin. Fatan masu kyautata iri shi ne a samu waken da zai ci gaba da zuƙowa ko da gonar na da ragowar taki.

Ƙasa kuma tana da nata sharaɗi. Ƙullutu na buƙatar fosfaras mai yawa, kuma enzaim ɗin ba ya ginuwa sai da ƙarfe da molibdinam, wanda ke wuyar samuwa ga tsiro a ƙasa mai tsami. Jigawar Sahel da ta arewacin Najeriya an san ta da ƙarancin fosfaras, don haka sau da yawa abin da gonar wake ke nema ba yuriya ba ne, takin sufa ne mai fosfaras.

Yunwar ƙasa ce kuma ke buɗe wa ƙuduji ƙofa, ciyawar da wasu ke kira wuta-wuta. Dawa ko gero da ya rasa fosfaras da naitirojin yakan fitar da sinadarin sitirigolakton daga saiwarsa. A 2005 masanan Japan suka nuna cewa kira ne ga wata gwarzuwar naman gwari ta cikin ƙasa mai taimaka wa saiwa tsotso fosfaras. Irin ƙuduji, wanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, yana jin wannan kira ya tsiro ya kama saiwar. Abin da manoma suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji ciwon gajiyayyar gona ne, ya sami hujja ke nan.

A gonakin Afirka ta Yamma

Shuka wake a tsakanin gero da dawa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, haka ma barin gawo a gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Amma ana yawan zuzuta amfanin fiye da kima. Mafi yawan naitirojin da wake ya zuƙo yana cikin ƙwaya da ganye. Idan aka kwashe ƙwayar aka ɗaure harawa aka kai kasuwa, abin da ya rage wa gona kaɗan ne. Yana dawowa ne idan dabbobin gida suka ci harawar aka mayar da takinsu gona.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da nau'o'in waken suya masu lakabin TGx waɗanda ke iya hulɗa da raizobiyar da ke cikin ƙasar Afirka, sannan tana sarrafa garin bakteriya mai suna NoduMax da ake cakuɗa iri da shi kafin shuka. Shirin N2Africa, wanda Ken Giller na Jami'ar Wageningen ya jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya gwada wannan a gonakin ƙananan manoma a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe, ya kuma tarar amfani ya fi ƙaruwa idan aka haɗa bakteriyar da takin fosfaras, ko da yake sakamakon ya bambanta sosai daga gona zuwa gona. Ƙasar da ta fi cin gajiyar hanyar ita ce Birazil, inda ake noman waken suya kusan ba tare da takin naitirojin ba. A kan wannan aiki ne Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta Birazil, Embrapa, ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2025. Takin masana'anta kuwa har yanzu yana wuyar isa hannun ƙaramin manomi. Taron ƙasashen Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006 ya sa burin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, ba a cim ma ba, duk da cewa masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 an gina ta ne don yuriya tan miliyan 3 a shekara.

Ko hatsi zai iya?

Babban burin shi ne masara da dawa da shinkafa su ciyar da kansu. A 2018 aka ba da rahoton wata doguwar masarar gargajiya a yankin Sierra Mixe na jihar Oaxaca a Meziko, mai fitar da saiwoyi a jikin kara suna zubar da yauƙi. Bakteriya na zaune cikin yauƙin, kuma an auna cewa masarar na samun kashi 29 zuwa 82 cikin ɗari na naitirojin ɗinta daga iska. A 2024 kuma ƙungiyar Jonathan Zehr a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz ta nuna cewa a jikin wata gansakukar teku, Braarudosphaera bigelowii, bakteriyar ta riga ta zama gaɓar ƙwayar halittar kanta. Ko ɗaya daga cikin biyun bai zama irin da za a saya a shuka ba tukuna.

Inda kwamfutar kwantam ta shigo

A tsakiyar naitirojines akwai wani ɗan dunƙule da ake kira FeMoco, kuma a kansa ne ake fasa ɗaurin nan uku. An gina shi da ƙwayoyin zarra 7 na ƙarfe, 9 na farar wuta, ɗaya na molibdinam, ɗaya na kabon. Douglas Rees da Jongsun Kim na jami'ar Caltech ta Amurka suka fara zana sigarsa a 1992. A 2002 aka lura akwai wata ƙaramar ƙwaya ɓoye a cibiyarsa, ba a tabbatar kabon ce ba sai 2011. Sanin siga dai ba sanin aiki ba ne. Har yanzu ana gardama kan takamaiman inda naitirojin ke kamawa da matakan da yake bi.

Wahalar tana ga ilektaron ɗin ƙwayoyin ƙarfen. Sun sarƙe da juna, ba a iya lissafa halin ɗaya a bar saura, kuma duk mazaunin ilektaron ɗaya da aka ƙara cikin lissafin yana ninka yawan yanayin da za a bi sau huɗu. Tun 1981 masanin kimiyya Richard Feynman ya kawo shawarar cewa irin wannan lissafi na'urar da ita kanta ke bin dokokin kwantam, wato dokokin da ƙananan ƙwayoyi irin su ilektaron ke bi, ce za ta iya shi, ita ce kwamfutar kwantam. A 2017 Markus Reiher na jami'ar ETH Zurich da abokan aikinsa na Microsoft suka ɗauki FeMoco a matsayin misali, suka lissafa abin da za a buƙata don mazauni 54, wato kyubit 108 marasa kuskure (kyubit shi ne ƙwayar lissafi a kwamfutar kwantam). Daga nan dunƙulen ya zama zakaran gwajin dafi a wannan fage.

Kalmar "marasa kuskure" ce ke ɗauke da nauyin. Kyubit na zahiri yana rikicewa da ɗan motsi ko ɗumi, sai an tara ɗaruruwa ko dubbai kafin a sami guda mai aminci. A 2021 masana na Google da abokansu suka rage lissafin ƙwarai, amma duk da haka ya tsaya a kan kyubit kusan miliyan 4 da aikin kwana huɗu. Na'urar Willow da kamfanin ya nuna a Disambar 2024 tana da 105. A 2023 kuma wata tawaga ƙarƙashin Garnet Chan na Caltech ta bi hujjojin ta ce ba ta ga shaidar cewa kwamfutar kwantam za ta yi wa ta yau fintinkau mara iyaka a irin wannan lissafi ba, musamman da yake dabarun kwamfutar yau ɗin ma suna ta inganta.

Ko na'urar ta samu, abin da za ta bayar shi ne adadin makamashin wasu matakai, wanda zai taimaka a raba gardamar masana. Tsakanin wannan da ƙera sinadarin da zai yi amoniya a zafin ɗaki akwai aikin gwaji mai tsawo, kuma lissafin 16 ATP na nuna cewa hanyar bakteriyar ita ma ba kyauta ba ce: tsiron na biyanta da wani kaso na sukarin da zai iya zama ƙwaya.