Annabi Elisha, Magajin Iliya

Elisha ɗan Shafat annabi ne da ya rayu a masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Labarinsa yana cikin Littafi Mai Tsarki, daga 1 Sarakuna sura 19 zuwa 2 Sarakuna sura 13. Musulmi sun san shi da Alyasa'u, an kuwa ambace shi sau 2 a Alkur'ani, a Suratul An'am da Suratu Sad.

Manomi ne ɗan garin Abel-mehola. Annabi Iliya ya tarar da shi yana huɗa da shanu 24, bibbiyu, sai ya yafa masa alkyabbarsa ya wuce. Elisha ya roƙi izinin sallamar iyayensa, ya yanka shanu 2, ya dafa naman da itacen garmar, ya raba wa jama'a. Wanda ya ƙona garmarsa ai ba shi da niyyar komawa gona.

Almajircinsa na hidima ne. Ko bayan ya shahara, da aka zo gabatar da shi ga sarakuna, cewa aka yi shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu.

Ranar rabuwa, Iliya ya umarce shi har sau 3 ya tsaya a baya, a Gilgal da Betel da Yariko, shi kuwa ya rantse ba zai rabu da shi ba. Da suka haye Kogin Urdun, Iliya ya ce ya roƙi abin da yake so. Elisha ya nemi rabo biyu na ruhunsa. Ba wai so yake ya ninka malaminsa ba: a Shari'ar Musa rabo biyu gadon ɗan fari ne, wato yana neman a ɗauke shi babban ɗa. Karusar wuta ta raba su, guguwa ta ɗauke Iliya, Elisha yana kira "Ubana, ubana!" Ya ɗauki alkyabbar da ta faɗo, ya bugi ruwan Urdun, ruwan ya dare. Ganin haka ƙungiyar annabawan Yariko suka rusuna masa.

Shi kuwa Elisha bai dace da baransa Gehazi ba. Bayan ya warkar da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, daga kuturta, ya ƙi karɓar kyauta, Gehazi ya bi bayan baƙon ya karɓo azurfa da riguna da ƙarya. Kuturtar Na'aman ce ta koma kan Gehazi. Elisha ya rasu a zamanin sarki Yehowash.