Washegarin Kirsimeti ba ranar 'yan dambe ba ce

Duk shekara sai ka ji wani a majalisa ya dage cewa hutun Boxing Day na 'yan dambe ne. Ko kusa! Sunan daga kalmar akwati ya fito a Turanci. A Ingila ta da, barori kan wuni suna hidima ranar Kirsimeti, washegari iyayen gida su sallame su da ɗan akwati mai kuɗi da ragowar abinci, su kai wa iyali. A 1871 doka ta mai da ranar hutu, mu kuma muka gada daga Turawa.

Dambe dai ya taɓa faɗowa ranar: a 26 ga Disamba 1908, a Ostareliya, Jack Johnson ya lallasa Tommy Burns, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi.