Horar da masu sarrafa kifi a Damagaram: daga ina za a faro?

Damagaram ba teku, ba babban kogi. Wace sana'ar kifi ce har ake zancen horar da masu yin ta?

Leƙa Kasuwar Dole da hantsi ka gani. Akwai ɗanyen kifi daga tabkunan jiha irin na Gidimuni da Lassuri, galibi tarwaɗa da karfasa. Akwai banda da ake ɗorowa daga wajen Diffa da Tafkin Cadi. Ga kuma kifin teku mai zuwa a daskare cikin kwali, bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kafin ya shiga tukunya sai ya bi hannun masunci, mai gyara, mai banda, mai ɗakin sanyi da mai suya a bakin titi. Su ne ma'aikatan, ko da babu mai karɓar albashin wata a cikinsu.

To me za a fara koya musu?

Kada a fara da koyarwa. Mai shirya horo ya fara yin kwanaki yana bin kifin, daga bakin tabki zuwa faranti, yana duba inda yake lalacewa. Wani wuri rana ce ke cin sa, don a watan Afirilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, kifin da aka kama da asuba kuwa ba ya jiran la'asar. Wani wuri ƙwaro ne ke mayar da banda gari a cikin buhu. Wani wuri kuma wuta ce ta ɗauke, kwali ya narke, aka sake daskarar da shi. Inda asarar ta fi yawa, nan darasi na farko yake. Matar da ta shekara 20 tana banda ba ta bukatar a nuna mata yadda ake lanƙwasa tarwaɗa. Abin da take so ta ji shi ne yadda icce zai rage tafiya, kifi kuma ya daɗe bai yi fumfuna ba.

Akwai darussan da ba za a tsallake ba?

Akwai. Cire hanji da wanke kifi tun da wuri, da ruwa mai tsabta. A garin da kowa ya san wahalar ruwansa, dole malami ya nuna yadda za a yi haka da jarka ɗaya, ba da famfo a sake ba. Sai sanyi: ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, a lokacin zafi kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, daskararre kuma a digiri 18 ƙasa da sifiri. Kifin teku irin sardin in ya sha ɗumi yana tara wani sinadari mai sa ƙaiƙayi da ciwon kai, suya kuma ba ta kashe shi.

Wanda ya fi damuna shi ne fiya-fiya. Wasu na yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya kai kasuwa lafiya, alhali guba ce ake ba mutane. Faɗa kaɗai ba ya hana wannan. Sai an nuna abin da zai maye gurbinsa: jiƙa kifi a ruwan gishiri kafin banda, busar da shi sarai, ajiye shi sama da ƙasa, da sake haska masa wuta lokaci-lokaci. Haka nan a hana banda da leda, tsohuwar taya ko katako mai fenti.

Sai an sayo sabbin murahu ke nan?

Ba lallai ba. Murhun Corkor, wanda aka fito da shi a Gana a 1969, da laka ake gina shi, a jera faifan waya ɗaya bisa ɗaya, ya fi rabin duro adana icce. Akwai kuma murhun da ake kira FTT, wanda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta samar a Senegal, mai rage hayaƙin da ke taɓa kifi, amma ya fi tsada, sai dai ƙungiya. Ni dai shawarata, cikin masu ɗaukar horon a sa magini da maƙeri, don in faifai ya ɓalle kada a zauna jiran Yamai.

Yaushe, kuma a ina?

Bayan kaka, lokacin da aka kwashe amfanin gona kuma su ya kankama. Da damina kowa na gona. A yi shi a wurin banda, da Hausa ko Barbarci, awa biyu zuwa uku a rana, don mata na da girki da yara. Taron otel na kwana uku da kuɗin zama, mun san abin da yake haifarwa: hoto da takardar shaida.

Wa zai koyar, wa zai biya?

Gwanayen sana'ar su koyar da aikin hannu, jami'an gandun daji su yi bayanin ka'idar kamun kifi, ma'aikatan lafiya su ɗauki tsabta da maganin sukar ƙayar tarwaɗa da illar hayaƙi ga ido da ƙirji. Wajen kuɗi, ƙungiya mai takarda ta fi mutum ɗaya samun shiga asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a.

Yaya za a gane an ci riba?

A koma bayan wata uku da sikeli. A auna iccen da ake ƙonawa kan kwando ɗaya, a auna garin da ke zuba a gindin buhu, a kwatanta da abin da aka rubuta ranar farko.