Guguwar teku ba kullum take girma a hankali ba

A kasuwar Mile 12 ta Legas, wani dattijo mai albasa ya leƙa bidiyon guguwa a wayata, ya ce: "Malam, ai wannan abu sai ya kwana biyar yana taruwa, kowa ya gudu." Da yawa haka muka ɗauka tun tuni.

Wani lokaci haka ne. Amma akwai wadda iskarta ke ƙaruwa da kilomita 55 a awa, ko fiye, cikin kwana ɗaya. Guguwar da aka raɗa wa suna Otis ta yi haka a Oktoban 2023: tana ƙaramar guguwa, kwana guda ta kai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, ta afka wa Akapulko a Meziko da tsakar dare.

Makamashinta ruwan ɗumi ne, daga digiri 26 zuwa sama, musamman in ɗumin ya yi zurfi. Tekun Atlantika ta ƙara ɗumi, shi ya sa masana suka ga irin wannan tsalle ya yawaita a cikinta tun daga shekarun 1980.

Dattijon ya tambaya ko za ta zo Legas. Da wuya, Baba. Mun yi kusa da layin Ikweta da ya raba duniya biyu, inda iska ba ta samun juyin da guguwa ke bukata.