Yaran da aka kwashe a 1939 da littattafan da suka biyo baya

Ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da sojojin Jamus suka afka wa Poland, harin da ya buɗe Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta fara kwashe yara daga Landan, Liverpool, Manchester, Birmingham da sauran manyan birane zuwa ƙauyuka, don gudun ruwan bama-bamai daga sama. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. Fiye da 800,000 daga cikinsu 'yan makaranta ne da suka tafi ba uwa ba uba, sai malamansu. Kowane yaro an maƙala masa takarda mai ɗauke da sunansa a jikin riga, an rataya masa kwalin da ke ɗauke da takunkumin kariya daga iska mai guba.

Abin da ya fi tsaya wa yaran a rai shi ne abin da ya faru bayan sun sauka daga jirgin ƙasa. A wurare da yawa an jera su a ɗakin taron gari, mutanen gari suna shigowa suna zaɓen wanda ya kwanta musu. Manomi yana son yaro mai ƙarfi, uwar gida tana son yarinya mai tsabta. Wa zai ɗauki uku lokaci guda? Iyaye mata kuwa sun ja kunnen manyan 'ya'yansu a tasha cewa kada su kuskura su saki hannun ƙannensu. Babban wa magajin uba ne, to amma a nan magajin bai wuce shekara goma ko goma sha biyu ba, kuma ba shi da ta cewa idan aka raba su. Daga wannan damuwa ce wani babban reshe na adabin yara na Ingilishi ya tsiro.

Littattafan da aka buga ana tsakiyar yaƙin ba su shiga wannan zurfin ba. Visitors from London na Kitty Barne, wanda ya ci lambar Carnegie ta 1940, wato lambar yabon littattafan yara ta Birtaniya, ya nuna yadda 'yan birni da 'yan ƙauye suka koyi zama da juna. Wasu kuma labarin yara ne masu kama ɗan leƙen asirin abokan gaba. Ban ga laifinsu ba, domin masu karantawa suna cikin halin, ƙarfin gwiwa suke nema. Ko a 1950 da C. S. Lewis ya buɗe labarin Narnia da 'yan'uwa huɗu da aka kwashe daga Landan, a 'yan layuka ya sallami yaƙin ya wuce da su wata duniya.

Canji ya fara bayyana a 1956 da The Silver Sword na Ian Serraillier, malamin makaranta wanda ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa. Ya kai labarin birnin Warsaw, inda 'yan Nazi suka kama uba da uwa, aka bar Ruth da Edek da Bronia cikin kangaye, daga baya suka ratsa Jamus zuwa Suwizalan suna neman iyayensu. A nan yunwa yunwa ce, ciwo ciwo ne, babbar ya kuma ta zama uwa tun ba ta gama zama yarinya ba.

Amma sai da yaran yaƙin suka girma, suka haifi nasu, kafin labarin ya fito daga bakin masu shi. Judith Kerr, wadda aka haifa a Berlin a 1923, iyalinsu Yahudawa sun gudu a 1933 saboda mahaifinta Alfred Kerr ya daɗe yana sukar 'yan Nazi. A 1971 ta fitar da When Hitler Stole Pink Rabbit don 'ya'yanta su san yadda gudun hijirar ya kasance: Anna da yayanta Max daga Suwizalan zuwa Faris zuwa Landan, sabon harshe, sabuwar makaranta, aljihun gida kullum yana ƙara bushewa. Nina Bawden ita ma an kwashe ta zuwa Wales tana 'yar makaranta, kuma a 1973 ta rubuta Carrie's War. A ganina wannan ne ya fi kama gaskiyar al'amarin. Babu bam ɗin da ya faɗo wa Carrie da ƙanenta Nick. Jarrabawarsu ita ce zama a gidan wani mai kanti mai tsanani da maƙo, da taka-tsantsan a gidan da ba naka ba, da kare ƙane mai faɗin abin da ke bakinsa. Labarin ma ya fara ne da Carrie ta dawo garin bayan shekara talatin da 'ya'yanta, tana ɗauke da nauyin wani laifi da take zaton ta aikata tun tana ƙarama. Wanda bai ɗanɗana zaman gidan wani ba da wuya ya san cewa irin wannan nauyin yakan bi mutum har tsufa.

Bayan haka marubuta suka fara taɓa abin da aka daɗe ana kauce masa, wato yaran da kwashewar ta zame musu tsira daga gidajensu. Michelle Magorian ta yi haka a 1981 da Goodnight Mister Tom, labarin yaron da uwarsa ke azabtarwa. Kimberly Brubaker Bradley, Ba'amurkiya, ta bi sahu a 2015 da The War That Saved My Life, inda Ada, wadda aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa kuma uwarta ta kulle ta a ɗaki ɗaya, ta sulale ta bi ƙanenta Jamie cikin ayarin yaran da ake kwashewa. Marubutan nan biyu dukansu bayan yaƙin aka haife su. Masu rubuta irin waɗannan littattafai yanzu suna dogara ne da wasiƙu, da hotuna, da muryoyin tsofaffin yaran da gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan ya naɗa, domin ƙananan cikin 'yan makarantar da suka hau jirgi a 1939 sun haura shekara casa'in.