Hana ruwa shiga katakon ƙaramin jirgin ruwa mai rimot

Ƙaramin jirgin ruwa mai rimot kwaikwayon jirgin gaske ne da ake sarrafa shi daga bakin gaɓa ta hanyar saƙon rediyo. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna irinsa a birnin New York na Amurka. Yau akasarin na kasuwa na roba ne, amma masu sha'awar ƙira da hannu da yawa har yanzu suna ƙaunar katako, kuma babban aikin da ke gabansu bayan an gama harhaɗa gangar jirgin shi ne raba katakon da ruwa.

Abin da ruwa ke yi wa katako

Katakon da aka fi amfani da shi su ne balsa, da siririn filawud, da mahogani idan ana son kyan gani. Balsa, wani katako mai taushi wanda ƙasar Ekwado ta yi fice wajen fitar da shi, ba shi da nauyi sosai, sai dai yana shan ruwa kamar soso, musamman ta bakin da aka yanka. Katako idan ya jiƙa kumbura yake yi ta faɗi, tsawonsa kuwa da ƙyar yake canzawa. In ya bushe sai ya motse. Wannan kumbura da motsewa ne ke buɗe mahaɗar falankai, ya tsaga fentin da ke kansu, ruwa ya sami kafa. Idan danshin da ke cikin katakon ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100, ruɓa na iya kama shi. Shi ya sa fenti kaɗai ba ya wadatarwa: yana zaune ne a fuska, ba ya hana katakon da ke ƙarƙashinsa motsi.

Gulun da aka haɗa jirgin da shi ma abin dubawa ne. Farin gulu na kafintoci yana laushi idan ya jima a ruwa, don haka ake zaɓar mai jure ruwa tun farkon aiki.

Efoksi da yadin gilashi

Hanyar da ta fi karɓuwa a yau ita ce shafa efoksi, wani ruwan danƙo mai kashi biyu: shi danƙon, da kuma maganin da ke daskarar da shi. Kowane kamfani da nasa ma'aunin haɗi, wani 1 da 1, wani 2 da 1, wani 5 da 1. Ba a ƙara maganin don a gaggauta bushewa. Kuskuren ma'auni yakan bar shafen da yauƙi ko taushi har abada, sai dai a kankare a sake.

Ana fara goge gangar da samfefa, daga mai kaushi kamar lamba 120 zuwa mai laushi kamar 220, a cike ramuka, a share ƙura. Daga nan a shimfiɗa siririn yadin da aka saƙa da zaren gilashi. Nauyin na ƙananan jirage yakan kama daga giram 25 zuwa kamar 80 a kowace murabba'in mita. Sai a zuba efoksi kaɗan a tsakiya, a riƙa jan sa zuwa gefe da burushi ko tsohon katin roba har yadin ya jiƙe ya zama garau, ana ganin katakon ta cikinsa. Inda ya rage fari, efoksi bai ratsa ba. Inda ya yi ƙyalli kamar tafki, ya yi yawa, kuma nauyi ne kawai za a ɗora wa jirgin. Amfanin yadin shi ne ya ɗaure falankan su zama abu guda, ta yadda mahaɗa ba za ta buɗe ba ko da jirgin ya bugi dutse. Bayan shafen farko ya daskare, ana ƙara na biyu don ya cike saƙar, a goge, sannan a bi da fenti.

Akwai 'yan tarkuna da ke kama sababbin hannu. Wasu nau'o'in efoksi suna fitar da wani maiƙo a fuska yayin daskarewa, wanda ke hana fenti kamawa. Ruwa da soso ke wanke shi, ba tina ba. Efoksin da aka bari da yawa cikin kofi yana ɗaukar zafi da kansa ya daskare cikin 'yan mintoci, kuma a wuri mai zafi abin ya fi sauri, saboda haka ake haɗa kaɗan-kaɗan da magani mai jinkiri. Katakon da ke ɗumama yana fitar da iska ta huda shafen da ƙananan kumfa, don haka shafen yamma, lokacin da gari ke sanyaya, ya fi na hantsi. Masu ƙira da yawa suna tsinka shafen farko da sifirit ko asiton don ya ratsa katako, amma hakan na rage masa ƙarfin tare ruwa, kuma bai kamata a dogara da tsinkakken shafe shi kaɗai ba. Hasken rana yana lalata efoksi tsirara, dole a rufe shi da fenti ko banish irin na jiragen ruwa. Safar hannu wajibi ce, domin yawan taɓa shi ɗanye yana jawo ƙaiƙayi da borin fata.

Danƙon foliyesta ya fi araha, amma warinsa da ƙarfi, kuma bai kai efoksi kama katako ba. Kafin zuwan waɗannan, masu ƙira kan lulluɓe gangar da siririyar takarda da wani ruwan shafe mai saurin bushewa, su bi da fenti sau da yawa. Jirgi mai injin da ke shan man metanol yana buƙatar shafen da man ba zai ci ba.

Cikin jirgi

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali a nan ɓarnar ta fi yawa. Duk jirgin da ke yawo a ruwa sai ɗigo ya shige shi wata rana. In waje a toshe yake, ciki kuwa tsirara, ruwan zai ratsa katakon ta baya, ya kumbura shi, ya fasa kyakkyawan shafen da aka sha wahalarsa daga ciki. Don haka ake shafe haƙarƙarin jirgin da kowane lungu kafin a manna rufin sama, tun hannu yana iya kaiwa. Duk ramin da aka huda daga baya, ko na ƙusa ne, sai an shafe bakinsa.

Ruwa ya fi shiga ta ƙofofin da aka yi da gangan. Bututun da sandar farfela ke bi ana cika shi da giris mai jure ruwa, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci. Bututun abin juya akalar jirgin ana barin bakinsa na sama ya zarce iyakar ruwa. Murfin da ake buɗewa don sa batir ana yi masa ɗan tudu kewaye, jirage masu gudu kuma ana liƙe nasu da salatif na musamman kafin a sake su.

Gwaji da kulawa

Kafin a sa kayan lantarki, ana ɗora gangar a bahon ruwa da nauyin da zai nutsar da ita daidai inda za ta zauna, a shimfiɗa takarda mai shan ruwa a ciki, a bar ta awa ɗaya ko biyu. Wurin da takardar ta jiƙe shi ke nuna mafarin yoyo. Bayan kowane fita ana tsane ruwan da ya shiga, a cire batir, a bar murfin a buɗe har cikin ya bushe. Idan a ruwan gishiri aka yi wasa, sai an fara ɗauraye jirgin da ruwan daɗi.